Wasiƙa ga ɗana kan gardamar tsohon hannu da sabon jini a besbol

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka. Saƙonka ya iso, na ga yadda musu ya yi zafi tsakaninku: kai ka dage ƙungiya ta ɗauko yaranta na ƙananan lig tun ranar buɗe kaka, su kuma sun ce a sayo tsofaffin hannu. Kowa yana kiran sunan wanda zai shigo, ban ji wanda ya faɗi wanda zai fita ba, alhali nan maganar take.

Ka fara da ƙirga kujeru. Kowace ƙungiya a MLB, wato babban lig ɗin besbol na Amurka, tana da jeri biyu. Na farko mutum 26 ne, su ke sa riga a wasa, kuma masu jifa ba sa wuce 13 a ciki. Sai Satumba ake ƙara mutum biyu. Cire masu jifa, cire masu bugu tara da ke fara wasa, saura huɗu a benci, ɗayansu kuwa dole mai cafke na biyu ne, wato mai jiran gadon wanda ke cafke jifa a bayan mai bugu. Ashe kujera uku kuke wa rigima. Jeri na biyu mutum 40 ne, kuma ba mai shiga na 26 sai da sunansa a nan. In ya cika, sai an cire wani, ƙungiya ta yi musayarsa cikin kwana bakwai ko ta baje shi gaban sauran ƙungiyoyi 29, mai so ya ɗauka, sai fa in akwai majinyacin da za a mayar jerin majinyata na kwana 60, kujerarsa ta zama babu kowa.

Abin da abokanka suka fi mantawa shi ne damar saukarwa. Yaron da ke jerin 40 yana da kaka uku da za a iya sauke shi Triple-A, matakin ƙaramin lig da ke dab da babban lig, a dawo da shi ba tare da wata ƙungiya ta taɓa shi ba, amma tun 2022 sau biyar kacal a kaka guda. Mai jifa in an sauke shi sai ya kwana 15 a can, sauran 'yan wasa kuma kwana 10, in ba wani ya ji rauni ba. Wanda ya cika shekara biyar a babban lig kuwa ba a sauke shi sai da yardarsa. To ka cika benci da kujerun masu jifan ƙarshen wasa da irin waɗannan tsofaffin hannu, ka ga ikon Allah: wasa 162 ne cikin wata shida, hannuwa za su gaji tun Yuni, kuma babu wanda za ka sauke ka kawo mai hutaccen hannu. Dodgers sun ci kofin 2024 da masu buɗe jifa uku kawai a wasannin neman kofi na Oktoba, don raunuka sun kwashe saura. Yawan hannuwan da suka tanada a baya ne ya fid da su.

Ban ce kada a sayi tsohon hannu ba. Tsawon kwantiragi ake dubawa, domin kuɗin babban lig ba ya komawa: ko an sallami mutum sai an biya shi. A Disamban 2011 Angels suka ba Albert Pujols shekara goma kan dala miliyan 240 yana ɗan shekara 31. Sau ɗaya suka kai wasannin Oktoba da shi, a 2014, ba su ci ko wasa guda ba, suka sallame shi a Mayun 2021. Kwantiragin shekara guda daban ne: in ya yi kyau a riƙe shi ko a yi musayarsa ƙarshen Yuli, in ya gaza asarar kaɗan ce. Mafi arha ma shi ne kwantiragin ƙaramin lig da gayyatar atisaye, wanda ba ya cin kujera a jerin 40.

Yanzu ɓangarenka. Gaskiyarka ce ƙungiyoyi kan riƙe yaro saboda lissafi. Kwana 172 shi ne shekarar aiki, sai mutum ya tara shida yake samun 'yancin zaɓar ƙungiya. Cubs sun ajiye Kris Bryant har 17 ga Afrilun 2015, ya gama kaka da kwana 171, kwana ɗaya tak ya ƙara musu shekara guda ta riƙe shi. Ya kai ƙara, ya faɗi a 2020. Yarjejeniyar 2022 tsakanin lig da 'yan wasa ta ɗan gyara: ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen yaro, ya kuma zama gwarzon sabbin shiga, tana samun ƙarin zaɓi a ɗibar matasa, kamar yadda Mariners suka samu kan Julio Rodríguez. Ga arha kuma, mafi ƙarancin albashi a 2025 dala 760,000 ne.

Amma kada alƙaluman atisayen Fabrairu da Maris su ruɗe ka, ganin kitse ake wa rogo, don da yawa cikin masu jifan da yaro ke fuskanta a can ba za su ga babban lig a wannan kakar ba. Duba sau nawa ake fitar da shi don ya kuskure jifa uku a Triple-A, sau nawa yake haƙuri har a ba shi zangon farko kyauta, da yadda yake yi da jifa mai lanƙwasa. Jackson Holliday ya hau Orioles a Afrilun 2024 yana ɗan shekara 20, ya yi bugu biyu a tsayuwa 34, aka fitar da shi sau 18, aka mayar da shi. Ba abin kunya ba ne. Mike Trout ma kashi 22 cikin ɗari ya buga a 2011, shekara ta zagayo ya zama gwarzon sabbin shiga. Sharaɗin da ba na sassautawa ɗaya ne: in za a ɗauko yaro, ya buga kullum. Zaman benci kwana biyar a mako yana cin kwanakin aikinsa, bai kuma koyi komai ba.

Kafin ku sake zama, kwafo jerin 40 na ƙungiyarku, ka sa alama gaban duk wanda damar saukarwarsa ta ƙare, ka turo mini mu duba tare. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada kallon wasan dare ya hana ka asuba da aji.

Naka,
Babanka