Wasiƙa zuwa ga Sani kan kamfanonin wasannin kwamfuta na da

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya sanyin Ingila? Na ga saƙonka cewa ka samo tsohuwar kwamfutar ZX Spectrum mai ƙwaƙwalwa 48K a gwanjo, kana tambaya kaset ɗin wane kamfani ne ya cancanci kuɗinka. To ga amsa.

A wurina Ultimate Play the Game ne gaba. Wa da ƙani ne suka riƙe shi, Chris da Tim Stamper, a wani ƙaramin gari mai suna Ashby-de-la-Zouch. Wasansu Jetpac na 1983 gaba ɗayansa a cikin 16K yake. Amma Knight Lore na 1984 shi ne abin nema. Ka san ciwon Spectrum: an yanka allonta gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, kuma kowane gida launi biyu kawai yake ɗauka. Da zarar ɗan wasa ya gitta gaban bango sai launinsa ya malale a jikin bangon. Su Stamper sai suka zana kowane ɗaki da launi ɗaya tal a kan baƙi, suka zuba ƙarfin na'urar wajen nuna ɗakin ta kusurwa, da tsawo da faɗi da zurfi, har ɗan wasa yana iya shigewa bayan dutse. Aibinsa shi ne idan abubuwa masu motsi suka yi yawa a ɗaki ɗaya, wasan yakan riƙa jan ƙafa, don aikin ya fi ƙarfin Z80, wato masarrafar da ke cikin kwamfutar. Su ne kuma suka ɗaga farashi daga fam 5.50 zuwa 9.95 da Sabre Wulf. Wasannin da suka fito da sunan Ultimate bayan an sayar da shi ga kamfanin U.S. Gold a 1985 ba su kai na farko ba.

Kamfanin Ocean na Manchester kasuwa ya iya. A lokacin yakan sayi izinin sunan fim ko na ɗan wasan motsa jiki, sannan a gina wasa a kai. Daley Thompson's Decathlon na 1984 ya yi suna wajen karya sandar wasa, saboda gudu sai an yi ta kaɗa ta hagu da dama. Matsalar wannan tsari wa'adi: talla takan riga aiki, shi ya sa Knight Rider ya makara kuma ya fito a lalace. Don haka a kaset ɗin Ocean kada hoton kwali ya ja ka, nemi sunan wanda ya rubuta wasan. In ka ga Jon Ritman da Bernie Drummond, musamman Head over Heels na 1987, ɗauka ba ciniki.

U.S. Gold kuwa, ka guji World Cup Carnival na 1986. Tsohon wasan ƙwallon kamfanin Artic ne aka sauya wa kwali aka sayar da tsada. Mastertronic ya sauko da farashi zuwa fam 1.99 ya kai kaset shagunan jarida, amma akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. A cikin masu araha na fi yarda da Codemasters, saboda wasan Dizzy.

In ka ci karo da wasan Elite na kamfanin Firebird, buɗe kwalin kafin ka biya. Dole a samu wani ɗan madubin roba da ake kira Lenslok. Da shi ake karanta haruffa biyun da wasan ke nunawa a hargitse kafin ya buɗe, kuma ko yana nan yakan ƙi aiki a talabijin mai girma sosai ko ƙarama sosai.

Sai batun lodi, wato shigar da wasa daga kaset zuwa kwamfutar, don nan ne za ka sha wuya. Nemi rakoda mai lasifika ɗaya, haɗa waya daga ramin EAR na rakodar zuwa ramin EAR na kwamfutar, ɗaga murya kamar kashi uku cikin huɗu. Danna J, riƙe SYMBOL SHIFT ka danna P sau biyu, sai ENTER, sannan ka kunna kaset. Wasa mai 48K yakan ci minti huɗu zuwa biyar. Idan ka ga saƙon R Tape loading error a allo, fara goge kan da ke karanta kaset a cikin rakodar da auduga da sifirit. In bai yi ba, akwai ɗan sukuru a gefen kan. Juya shi kaɗan-kaɗan da ƙaramar sukudireba kana saurare har ƙarar ta fi kaifi. Kaset ɗin Ocean da U.S. Gold da yawa suna da Speedlock, wanda ke lodi da sauri don hana kwafi, kuma shi ne ba ya yafe kan da ya karkace. Duba ɗan soson da ke bayan zaren kaset ma, yakan faɗo da tsufa.

Kafin duk wannan, don Allah ka duba abin wutar. Spectrum bolt 9 take sha, kuma tsakiyar filoginta nagatif ne, saɓanin yawancin cajojin yanzu. Ka soka wanda bai dace ba, ta ƙone.

Ka gaishe min da iyali da yara. In ka samu Knight Lore da kwalinsa, turo min hoto.

Naka,
Bashir