Malam Edita, teku ma yana da hannu a daminarmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali.

Daren Talata ina sauraren shirinku na yanayi, wani ya bugo waya yana cewa wai mi ya haɗa mu da zancen teku, mu mutanen Kabi da ko ƙamshinsa ba mu taɓa ji ba, mai gabatarwa ya yi dariya kawai anka wuce. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don hadarin da ke jiƙa muna gero da shinkafa daga tekun Atlantika iska ke ɗauko shi.

Cikin tekun nan akwai wani zagayen ruwa da masana ke kira AMOC. Ruwa mai ɗumi mai gishiri yana bi ta sama ya nufi arewa ta gabar Amurka, in ya kai wajen Girinlan da Aislan sai sanyi ya kama shi ya yi nauyi ya nutse can ƙasa, ya juyo kudu a hankali, tafiyar da kan ci shekara wajen 1000 kafin ya gama zaga tekunan duniya. To nutsewar nan ita ce ke jan komi, kamar injin ban ruwa a fadama, in ya sha iska sai ka ji yana ƙara amma ruwa ba ya zuwa.

Yanzu duniya na ƙara zafi, ƙanƙarar Girinlan na narkewa tana zuba ruwan daɗi yana sirka gishirin, saman tekun ma ya ɗumama, ruwan bai da nauyin nutsewa kamar da. Tun 2004 anka jera na'urori a faɗin Atlantika ana auna ƙarfinsa kullum. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce da wuya bai yi rauni ba cikin wannan ƙarni, amma ba su sa ran ya tsaya kwatsam kafin 2100, sai ga wasu masana na Danmak a 2023 sun ce a'a, yana iya tsayawa wajen tsakiyar ƙarnin nan. Har yau gardama suke, ni dai ko raunin ya ishe ni tsoro.

Ga inda ta shafe mu. Hadarin damina yana karkata ne zuwa ɓangaren tekun da ya fi ɗumi. In zagayen ya rage kai zafi arewa, arewacin Atlantika ya yi sanyi, sai hadarin ya ja baya ya tsaya kudu, mu da ke bakin Sahel mu ne farkon rasawa. Dattawanmu sun san farin 1973 da na 1984, mahaifina har ya rasu yana ba da labarin shanun da sunka mutu mishi, kuma bincike ya nuna lokacin arewacin tekun ya fi na kudu sanyi, ko da yake hayaƙin masana'antun Turai ma yana da laifi a ciki. Wani zai ce ai ambaliya ce matsalarmu, ga ta 2020 da ta cinye shinkafa, gaskiya ne, amma mai gonar tudu bai manta da shekarun da shuka ta ƙone ba.

Don Allah ku gayyato masanin yanayi daga NiMet ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya yi muna bayanin nan da Hausa, kuma ku sa shirin bayan isha'i lokacin da manoma sunka dawo gida.

Naku,
wani manomin shinkafa daga Argungu