Amsa Ga Mai Tambaya Kan Maganin Da Ke Hana Ƙwayar Jijiya Mutuwa

Assalamu alaikum, Malama.

Kin yi mini tambaya a bainar jama'a bayan lacca: idan ƙwayar jijiya ba ta rayuwa sai da sinadarin girma, ta yaya magani zai raya ta bayan an janye sinadarin? Lokaci bai bari na amsa miki a wurin ba, ga amsar a rubuce.

Ina jin abin da ya ɗaure miki kai shi ne kin ɗauki sinadarin nan a matsayin abinci, alhali saƙo ne yake kaiwa. Sinadarin girman jijiya, wato NGF, wanda Rita Levi-Montalcini ta gano a shekarun 1950, har ita da Stanley Cohen suka samu kyautar Nobel a 1986, gaɓar da jijiya ta miƙa zuwa gare ta ce ke fitar da shi. Ƙwayar da ta samu ta tsira, wadda ta rasa ta mutu. A wasu sassan jiki, kusan rabin ƙwayoyin ke tafiya haka tun ana ginin halitta.

A 1988, masu bincike a ɗakin gwajin Eugene Johnson na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun janye NGF daga ƙwayoyin jijiyar ɓera, suka mutu cikin kamar kwana biyu. Da suka zuba maganin da ke hana ƙwaya ƙera furotin, sai ga su sun rayu. Ashe ba yunwa ke kashe su ba, su da kansu ke ƙera makamin da zai hallaka su. Kamar fursuna ne da aka yanke wa hukuncin kisa, kullum takarda na zuwa cewa a dakata. In takardar ta daina zuwa, magani sai ya riƙe hannun hauni.

Wuraren riƙon kuwa suna da yawa, domin kisan mataki-mataki ne. Wani furotin mai suna JNK ke tayar da zancen, wani furotin mai suna Bax ya huda mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari, sannan sinadaran kasfes, masu yanka furotin, su daddatsa ƙwayar daga ciki. Ko ƙara fotasiyom a ruwan da ake rainon ƙwayoyin, wanda ke shigar da kalsiyom cikin ƙwaya, yana hana su mutuwa.

Za ki ce, me ya hana a ba majinyaci sinadarin kawai? An gwada. Furotin ne mai girma, ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma allurar NGF na jawo ciwon jiki.

Sai dai ni ba na saurin murna da irin wannan labari. Ƙwayoyin da aka cire wa Bax suna rayuwa ba NGF, amma a tsamure. Maganin CEP-1347, mai toshe hanyar JNK, ya yi abin a zo a gani a ɗakin gwaji. Da aka gwada shi kan masu cutar Parkinson, mai lalata ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, kimanin 800, an dakatar da gwajin a 2005 saboda bai rage saurin cutar ba. Ƙwayoyin ɗakin gwaji jarirai ne, kuma abu guda aka hana su. Na dattijon da ke fama da Parkinson sun shekara da shekaru suna lalacewa ta fuskoki da dama kafin ma hannunsa ya fara rawa.

Wassalam.