Bashir, ka daina bin agogon layin gaba

Agege, Legas
Daren Lahadi

Assalamu alaikum Bashir,

Mutumina ya kake, ya aiki, ya Maman Hanifa da yara, ya zaman Durban ɗin can Afirka ta Kudu? Ina fata kowa lafiya. Mu nan Alhamdulillah sai zafin Legas da cunkoso da ka sani. Na saurari saƙon muryar da ka turo min ran Alhamis har sau uku, nace wannan ba maganar da zan amsa a tsaye cikin motar BRT bace, gara in zauna in rubuto maka a tsanake, don wallahi yadda naji muryarka ta mutu lokacin da kace kana tunanin fasa gasar Rabin Ironman ta watan Yuni, mai haɗa iyo da keke da gudu, saboda ka kasa bin ƴan ƙungiyarku a ruwa, abin ya dame ni.

Bari in maimaita abinda na fahimta, in nayi kuskure ka gyara min. Ƙungiyar iyon da ka shiga kocinku na rubuta zubi 10 na mita 100, ana tashi duk bayan minti 2. Kai kuma mita 100 ɗinka tana cin minti 2 da sakan 20. Ma'ana kafin ka taɓo bango su har sun huta sun sake tashi, sai ka juya ka bi su ba ko numfashi ɗaya, a zubi na huɗu ka fara haki, a na shida kana kurɓar ruwa, ka fito kana ganin kai ne ba ka da amfani. Toh Bashir ni abinda zan gaya maka shine wannan atisayen da kake yi ba shine wanda kocin ya rubuta ba sam. Shi intabal ya rubuta, wato ka yi aiki ka huta, ka yi aiki ka huta. Wanda ke gama mita 100 a 1:35 yana samun hutun sakan 25 kowane zubi, shi ke yin intabal. Kai mita 1000 kake yi a jere cikin tashin hankali, kuma da saurin da ba naka ba. Takarda ɗaya kuke karantawa amma aiki biyu daban kuke yi.

Kuma ka duba wani lissafin da mutane basa yi. Shi mai saurin nan, duk zubi goman iyon minti 16 ne bai cika ba a wajensa, kai kuwa ko ba ka rage sauri ba sai ka haura minti 23 kana bugun ruwa. Zuciya da huhu basu san mita ba, minti suka sani da kuma yawan wahala. Shiyasa tun da na gane haka na daina auna ranar iyo da mita nawa nayi, minti nawa nayi ina aiki nake dubawa.

Kasan ni da kai tare muka taso a Gusau, in aka kama yaro a kududdufi da damina dukan tsiya ne, babu wanda ya koya mana ruwa. Ni sai da na haura shekara 30 na fara a nan Legas. A cikin mu ƴan arewa shida da muke haɗuwa safiyar Asabar a wani wurin iyo a Surulere akwai wani Bakabe ɗan Argungu, shi tun yana yaro yake cikin kogi, har wasannin ruwa na kabanci ya shiga a bikin kamun kifi. In ya shiga ruwa kamar ba ya motsi amma sai ka ga ya isa. Wata shida nayi ina binsa a layi ɗaya, kullum in fito kafaɗa na ciwo, kuma lokacina bai ragu da ko sakan ɗaya ba, saima hannuna da ya ƙara lalacewa saboda duk abinda jiki ya maimaita cikin gajiya shi yake hardacewa. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, shekara ashirin ya bani a ruwa. Wani dattijon koci ne da ke koyar da yara a layin gefe ya kira ni wata rana yace in fita daga layin nan, ya karɓi agogona ya gwada ni.

Gwajin nan shi nake so ka fara yi kafin komai, ranar da ka huta sosai. Ka ɗumama jiki kamar minti 10, sai ka yi mita 400 iya ƙarfinka amma da sauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ka rubuta lokacin. Ka huta sosai, minti 5 zuwa 10 kana ɗan iyo a hankali, sai ka yi mita 200 itama iya ƙarfinka. Ka cire lokacin 200 daga na 400, abinda ya rage ka raba biyu. Abinda ya fito shine saurinka na mita 100 wanda zaka iya riƙewa na dogon lokaci ba tare da ka fashe ba, masu harkar suna kiransa CSS. Nawa na farko 400 ɗin 9:40 ne, 200 ɗin 4:36, bambancin sakan 304, rabi 152, wato 2:32. Ka ga mutumin da saurinsa na gaskiya 2:32 ne yana ƙoƙarin tashi duk minti 2, ai ba lalaci bane, lissafin ne kawai baya fita. Yanzu bayan shekara ɗaya da rabi ina 2:11, kuma duk gwajin da nake maimaitawa bayan sati shida ko takwas ne, ba kullum ba.

Da zarar ka samu lambarka sai ka gyara atisayen ya dawo naka. Hanyar da nafi so in ina tare da mutane itace in rage nisa in bar lokacin tashi yadda yake. Suna 100 a kan minti 2, kai ka yi 75. Da saurinka na 2:20, mita 75 zata ci 1:45, ka samu hutun sakan 15, ka tashi tare da kowa. Amma ka lura, in tafkin mai mita 25 ne, 75 ƙetarawa uku ce, a ɗaya bangon zaka tsaya ba inda suke ba, don haka sai ka sa agogo a hannu ko ka tsaya inda kake hango babban agogon bango, kuma ka matsa kusurwa kar ka tare masu juyawa. In suna 200 a kan minti 4 abin yafi daɗi, ka yi 150, ka gama a 3:30, bango ɗaya da su, hutun sakan 30. In suna 400 ka yi 300. In tafkin mai mita 50 ne 75 bata yiwuwa sai dai ka tsaya a tsakiya, toh anan gara ka koma layin da ya dace da kai ka yi naka lissafin. Ka faɗa wa kocin tun kafin a shiga ruwa, koci mai hankali ba zai hana ka ba, wasu ma zasu ji daɗi ka sauƙaƙa musu.

Ranar da kake kai kaɗai kuma ka manta da lokacin tashi gaba ɗaya, ka yi da hutu. Mita 100 da saurin CSS ɗinka, ka taɓa bango ka ƙirga sakan 15 ko 20, ka tashi. Maimakon kace sai nayi goma, kace zan yi na minti 20, ko takwas suka fito shikenan. Abinda zaka sa wa ido shine na ƙarshe ya zo daidai da na farko, bambanci kar ya wuce sakan biyu ko uku. In na farko 2:12 ne na takwas 2:35, ka fara da zafi ne, gobe ka sassauta. Wannan shine wurin da yafi min wuya, don na farko da na biyu zaka ji kamar wasa kake, ranka na cewa ƙara mana, sai a na shida zaka gane dalilin da yasa ka riƙe kanka.

Sai maganar da tafi duk wannan lissafin muhimmanci a wajen irinmu. Mu da muka koyi ruwa da girma, abinda ke riƙe mu ba ƙarancin ƙarfi bane, kai da kake tuƙa keke kilomita 80 ran Lahadi wa zai ce maka baka da huhu. Ƙafafunmu ne ke nutsewa muna jan su kamar buhu, saboda muna ɗaga kai sama don neman iska, kuma muna riƙe numfashi a cikin ruwa maimakon mu rinƙa fitar dashi a hankali ta hanci da baki, sai in mun juyo mu so mu fitar mu shaƙa a lokaci guda. Shiyasa rana ɗaya a sati bana wuce mita 25 da 50. Kamar 16 na mita 25 da hutun sakan 15, ina kallon ƙasan tafki, ina ƙirga bugun hannu a kowace ƙetarawa. Da ina yin 27, yanzu 21 ko 22. Duk sanda naga ƙirgen ya hau da uku ko huɗu na san salon ya watse, sai in ƙara hutu ko in tsaya, bana cigaba da cusa wa jikina kuskure. Ɗan soson nan da ake matsewa tsakanin cinyoyi yana taimakawa ka ji yadda jiki ke kwanciya a saman ruwa, ƙafar agwagwa ta roba ma haka, amma kar su wuce kashi ɗaya cikin uku na atisayen, don akwai wani a cikinmu da ya saba da soson har in ka karɓe shi baya iya mita 200. Kuma sau uku a sati na minti 40 yafi sau ɗaya na awa biyu nesa ba kusa ba, ruwa yana son a riƙa gaisawa dashi akai akai.

Yanzu gasar taka. Rabin Ironman iyon kilomita 1.9 ne, keke 90, gudu 21.1, kuma lokacin da ake ba mutum ya fito daga ruwa awa 1 da minti 10 ne. Ka raba minti 70 gida 19, zaka samu wajen 3:41 a kowace mita 100. Kai kana 2:20 a tafki. Ko mu ce saurinka na doguwar tafiya 2:35 ne, wajen minti 49 kenan, ka ƙara abinda igiyar ruwa da karkacewa zasu ci, har yanzu da sauran fili mai yawa. Toh ina dalilin fasawa? Iyon shine mafi gajarta a cikin ukun, minti biyar da zaka ƙwato a ruwa ta hanyar kashe kanka zaka biya su a kan keke. Abinda kake buƙata ka fito daga teku numfashinka a kwance, ƙafarka da ƙarfi.

Don haka sau ɗaya a sati ka sa doguwa a hankali, ka fara da 3 na mita 400 da hutun sakan 30 zuwa 40, bayan sati uku ka koma 2 na 800, kafin watan Mayu ya ƙare ka yi 1900 ɗin a jere ko sau biyu don zuciyarka ta yarda. A cikin doguwar ka riƙa ɗaga ido gaba kaɗan duk bayan bugu takwas ko goma kamar kana neman alama, don a teku babu baƙin layin nan na ƙasan tafki. Ni ranar da muka fara shiga jirgin ruwa muka je Tarkwa Bay na gane haka, ina ganin miƙe nake tafiya ashe na karkata hagu sosai, sai da mai kwalekwalen da muka ɗauka ya biyo mu ya ƙwala min kira. Kuma dan Allah Bashir, dan girman Allah, kar ka shiga teku kai kaɗai ko sau ɗaya. Ku kuna da masu ceto a bakin ruwa da tutoci, ka tsaya inda suka ce, ka bi ƙungiya. Mu nan bakin tekun Legas ruwan na da ja mai ƙarfi, mun san abinda yake yi wa mutane, shiyasa bama wasa da wannan. Iya ruwa fidda kai, Bakaben namu ma da ya fi mu duka baya shiga sai da wani a kusa.

In azumi ya faɗo cikin shirin naka kar ka matsa, ni nakan bar atisaye masu zafin gaba ɗaya, in yi gajeru na gyaran salo bayan sallar asham in na samu wurin da ke buɗe da dare, in ban samu ba in haƙura, bayan sallah sati biyu jiki ke dawowa.

Ni kuma ina nan ina shirin gajeriyar gasar, mita 750 da keke kilomita 20 da gudu 5, kuɗin zuwa irin taku bai taru ba tukuna amma ina sa rai. Keken ma sai da asubar Lahadi nake samun hanya, bayan sallah in ɗauke shi zuwa wajen gadar Lekki da Ikoyi kafin motoci su fito.

Ka yi gwajin nan cikin satin nan ka turo min lambobin guda biyu, na 400 da na 200, ka faɗa min tafkin naku mita 25 ne ko 50, da abinda kocin ya saba rubutawa, zan zauna in juya maka su zuwa naka na sati huɗu. Na je gida watan jiya, na shiga na gaida Hajiya, tana lafiya tana ta tambayar yaushe zaka kawo mata jikokinta. Ka gaida Maman Hanifa, ka shafa min kan yara.

Naka,
Sanusi