Ga masu shirin zuwa Jizan: zafin nan ba irin na gida ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a jaridarka domin mu amsa tambayar da 'yan uwa masu shirin zuwa aiki ko karatu a Jizan suke yawan aiko mana, wato yaya yanayin garin yake. Mafi yawansu sukan biyo tambayar da cewa ai wanda ya sha bazarar Sakkwato ko Maiduguri ba ya tsoron zafin ko'ina. To, a nan ne ake yin kuskure.

Jizan tana bakin Bahar Maliya a kudu maso yammacin Saudiyya, kusa da iyakar Yaman, kimanin kilomita 700 kudu da Jidda. A taswira tana kusan layi ɗaya da Agadas, ruwan saman da take samu a shekara ma bai fi milimita 150 da wani abin kirki ba. Wanda ya ji haka zai ɗauka busasshiyar iskar sahara zai tarar. Amma garin yana shimfiɗe ne a filin Tihama, teku a yamma, duwatsu a gabas, kuma iskarsa a jiƙe take da danshin da mutanen nan suke kira ruɗuba. Daga Yuni zuwa Satumba zafin rana yakan tsaya wajen digiri 38, wanda bai kai na Sakkwato a watan Afrilu ba. Bambancin shi ne a gida gumi yana fitowa iska ta busar da shi, jiki ya huce. A nan iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar ƙari. Gumi ya tsattsafo ya zauna, riga ta manne a baya, mutum yana ta zufa amma jikinsa bai sauka ba. Dare ma ba ya kawo sauƙi, don a waɗannan watanni da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 29 ko 30 har asuba. Shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kwana, kamar yadda aka saba da bazara, ba ya yiwuwa.

Hunturu kuwa babu shi. A Janairu, watan da ake jin ɗumi a Kano, rana a Jizan tana kai digiri 30 ko 31, dare kuma 22. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne garin yake da daɗi, mutanen Riyad da Abha ma a lokacin suke saukowa gudun sanyi. Wanda yake da zaɓi ya iso a waɗannan watanni, jikinsa ya saba a hankali kafin Mayu. Wanda biza ta jefo shi a tsakiyar Yuli, ya ba jikinsa mako ɗaya zuwa biyu kafin ya shiga aikin ƙarfi gadan-gadan.

Abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne gubra. Daga Yuni zuwa wajen ƙarshen Agusta iska tana tasowa da hantsi ko azahar ɗauke da ƙura, sama ta yi fari-fari, wani lokaci motar da ke gabanka ma sai da ƙyar za ka hango ta. A ido kamar hazon hunturu take. Sai dai hazonmu da sanyi yake zuwa, ya busar da leɓe ya tsage dunduniya, ita kuwa gubra a tsakiyar zafi take zuwa, ƙurar ta haɗu da gumi ta zama laka a wuya. Man shafawa mai nauyi da ake sayowa domin hazo ba shi da amfani a nan, toshe fata yake yi ya jawo ƙurajen zafi, musamman ga jarirai. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa da takardar likita, ya riƙa sa takunkumi idan ƙura ta taso. Ƙasan ƙofa a toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma, gefen taga a liƙe da roba.

Yanzu maganar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda a Jizan ba kayan alatu ba ce. Kafin a biya kuɗin haya a kunna ta a tsaya minti goma a ji. Ɗaki mai mita huɗu da biyar yana buƙatar mai ƙarfin BTU 18,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyaya ɗaki ne), wadda masu shago ke kira tan ɗaya da rabi. Idan ɗakin yana saman bene ko yana kallon yamma, a nemi ta 24,000. Kada kowa ya yaudare ku da mukayyif saharawi don arha. Ita da ruwa take aiki, tana tururar da shi cikin iska, shi ya sa take yi a Riyad da Madina inda iska ta bushe. A Jizan danshi kawai za ta ƙara wa ɗaki. Dalilin da ya sa randa da tulu ba sa sanyaya ruwa a nan yadda suke yi a gida ke nan.

A lokacin gubra a cire ragar tace ƙura ta gaban na'urar kowane mako, a wanke da ruwa, a bari ta bushe kafin a mayar. Idan aka ƙyale ta, iska ba ta wucewa, ƙanƙara ta daskare a ƙarafan ciki, sai ruwa ya fara ɗiga a bango, mai ɗaki ya ce gas ya ƙare alhali datti ne. Ɓangaren da ke waje kuma gishirin teku yana cinsa da tsatsa, a riƙa ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan an kashe wuta. A ajiye ta a kan digiri 24, domin sa ta a 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da wuri, injin ne kawai ba zai huta ba. Kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala ɗari ke yin Riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, ban da haraji. Tsohuwar mukayyif ta taga da ke aiki awa goma sha biyar a rana tana iya cin sama da Riyal 150 a wata ita kaɗai. Mai karɓar aiki ya tambaya tun farko, kuɗin wuta a kansa yake ko a kan kafili.

Guzurin da ake zuwa da shi daga gida shi ne farkon abin da danshi yake ci. Kuka da busasshiyar kuɓewa suna dunƙulewa, kilishi ya saki ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, ƙuliƙuli ya yi laushi, daddawa ta canza wari, gari kuma ƙwari su shige shi. Duk a zuba su a robobi masu murfin da iska ba ta shiga, abin da ba za a taɓa ba cikin wata guda a sa shi a firji. Takalmin fata da jakar fata da aka rufe a akwati sukan fito da furfura. Shadda mai kauri da aka buga da sitaci a bar ta sai sallah ko Juma'ar Janairu. Yadin auduga mara nauyi, mai haske, shi ne na yau da kullum. Tankin ruwa a kan rufi yake, don haka ruwan famfo da azahar yana iya ƙona jariri. A tara na wanka a bokiti tun da asuba.

Dokar ƙasa ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Magina da masu aikin gona su san haƙƙinsu ne. Mai aikin ƙarfi ya riƙa shan kofi ɗaya na ruwa kowane minti ashirin, kada ya jira ƙishirwa, kuma ya lura da fitsarinsa: idan ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Gumi da gishiri yake tafiya, shi ya sa ƙafa da ciki suke ɗaurewa. A haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a rana ya wuce wannan mataki. A kai shi inuwa, a kwance masa tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a kira motar asibiti a 997.

Ruwan sama kaɗan ne amma ba ya sallama. A duwatsun gabas, irin su Faifa da Bani Malik, yake zuba da yawa, musamman a Yuli da Agusta, ya gangaro ta busassun koguna, Wadi Jizan da Wadi Damad da Wadi Sabya da Wadi Baish. Kana iya tsayawa cikin rana ƙwal, babu ko gajimare a kanka, ruwan da aka yi a dutse ya iso kamar bango. Kada a ajiye mota ko a shimfiɗa abinci a cikin wadi, kada a ƙetare shi yana gudu ko da ruwan bai kai gwiwa ba. Bayan haɗarin rai, akwai tara mai nauyi. Lambar jami'an ceto 998 ce.

Bayan ruwa sai sauro. Yankin nan yana cikin 'yan wuraren da har yanzu ake samun zazzaɓin cizon sauro a Saudiyya, a nan ne kuma zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a shekarar 2000, karon farko a wajen Afirka. Wanda ya fi damun mazauna gari yanzu shi ne dengi. Sauronsa da rana yake cizo, a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, kuma bokitin da ake tarar ruwan mukayyif yana ishe shi. A zubar da shi kullum, a rufe tanki. Zazzaɓi mai zafi da ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi, a tafi asibiti a yi gwaji. Kafin nan farasitamol kaɗai za a sha, ban da asfirin da ibuprofen, don suna ƙara haɗarin zubar jini.

Rigar sanyi guda ɗaya dai a sako ta a jaka. Abha tana da nisan kilomita 200 ko kusa da haka, a tsayin da ya haura mita 2,000, kuma wanda ya hau can daga Jizan da daddare, ko a watan Yuli ne, zai neme ta.

Wassalam,
Wasu Hausawa mazauna Jizan, Saudiyya