Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiyar da ta tambaye ni kan tiyatar huda ciki

Assalamu alaikum Hajiya,

Lokaci ya ƙure mana a shirin lafiya na rediyo makon jiya kafin in amsa tambayarki. Kin ce an gano sankarar bakin mahaifa a jikin ƙanwarki tun ba ta yi nisa ba, likitoci suka ce sai an buɗe cikinta, alhali maƙwabciyarku da jini ya dawo mata bayan ta daina al'ada an cire mata mahaifa ta 'yan ƙananan huji, kwana biyu ta koma ɗakinta. Kika tambaya ko likitocin ƙanwar taki ne ba su iya sabon aikin ba.

Daga yadda kika kwatanta, cututtuka biyu ne daban. Ta maƙwabciyarku ta tsiro ne a shimfiɗar cikin mahaifa, ta ƙanwarki kuwa a bakinta take, kuma wannan bambancin wuri shi ne ke raba shawarar likita.

A tiyatar huda, ana hura iska a ciki har ya taso kamar ganga, a zura siririyar kyamara ta wajen cibiya, a shigar da dogayen kayan aiki ta wasu huji uku ko huɗu, likita yana aiki idonsa na kan allo. Ga sankarar cikin mahaifa wannan hanya ta karɓu. Binciken LAP2 na Amurka, mai mata 2,616, ya nuna cewa bayan shekara 5 kusan kashi 90 cikin 100 suna raye a ɓangarorin biyu, waɗanda aka huda da waɗanda aka buɗe, ga kuma ƙarancin kwanan asibiti ga na farko. Binciken LACE da aka jagoranta daga Ostareliya ya zo da irin wannan sakamako a 2017. Dalili a fili yake: cutar tana rufe a cikin mahaifa, ana fito da ita kamar ƙunshi.

Mu likitocin mata mun ɗauka haka abin zai kasance ga bakin mahaifa, har aka shafe shekaru ana yi da murna. Sai a 2018 Dokta Pedro Ramirez na cibiyar MD Anderson da ke Houston da abokan aikinsa suka wallafa binciken LACC, wanda ya ƙunshi mata 631 daga ƙasashe da dama. Bayan shekara huɗu da rabi, kashi 96.5 na waɗanda aka buɗe wa ciki cutar ba ta dawo musu ba, amma cikin waɗanda aka huda kashi 86 ne kawai. Mace-mace ma sun fi yawa a cikinsu, kuma an dakatar da ɗaukar sababbin mata tun kafin a cika adadin da aka tsara. Ba na mantawa da ranar da na karanta shi, domin ni ma ina cikin masu yabon hanyar a gaban ɗalibai.

Abin da ake zargi shi ne ƙarfen da ake sakawa ta farji don juya mahaifa yayin aiki, wanda kai tsaye yake danne ƙarin sankarar, da kuma yanke saman farji daga ciki, inda ƙwayoyin cutar kan iya warwatsuwa cikin iskar da aka hura. Tun daga lokacin manyan ƙungiyoyin likitocin sankara na Amurka da Turai suka mayar da buɗe ciki a matsayin hanyar da aka fi amincewa da ita wajen babban aikin cire mahaifa da naman da ke kewaye da bakinta.

Saboda haka, Hajiya, a ganina likitocin ƙanwarki suna kan daidai. Za ta ɗan jima a gadon asibiti, ɗinkin kuma zai bar tabo a mararta. Idan kun koma, ku tambayi girman ƙarin da santimita da matakin da yake, domin idan bai wuce santimita 2 ba akwai matan da ƙaramin aiki ke isar su. Kada kuma a ɗaga ranar aikin don neman inda ake huda ciki, domin yawancin matan da ke zuwa mana a Arewa sukan iso ne bayan cutar ta wuce matakin wuƙa, sai dai a gasa ƙarin da hasken na'ura, a haɗa da allurai.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa a yi aikin a sa'a.

Naki,
Likitan mata da kika yi wa tambaya