Sanarwa kan macizai a farkon damina

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan'uwa na wannan rukuni.

Ruwan farko ya sauka, kuma da yawa daga cikinmu a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suna shirin tafiya gonaki ko sayen masara da doya a yankin Ejura da Techiman. A irin wannan lokaci ne ruwa ke cika ramuka, macizai su fito su fake a ƙarƙashin tarin itace, cikin ciyawa ko tsakanin buhuna. Don Allah a sa takalmin roba mai tsawo, a riƙe tocila da dare, kada kuma a zura hannu inda ido bai gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kububuwa, domin ƙanƙantarta na sa a raina ta, alhali dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum na iya yini yana ganin ya samu sauƙi, sai daga baya jini ya fara fita daga dasashinsa. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Gamsheƙa kuwa idan ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa, sannan a tafi asibiti.

Allah Ya tsare mu.